Shafin Neman Nomau Mai Agogo

Tamaske, ranar Laraba

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida goggonki da mutanen gidanta duka a Madawa. Allah ya sa takardar nan ta riske ki cikin ƙoshin lafiya kafin motar Yamai ta ɗauke ki ranar Asabar. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a inda za ki sauka.

Yau Laraba, hantsi ya ɗaga. Na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Kumburin ƙafar hagu ne dai bai sauka ba, numfashi kuma yakan bar ni a rabin hanya tsakanin ɗaki da zaure, sai in dafa bango in jira shi ya iso. Yakuba maƙwabcinmu ya shigo da sassafe da abin awon nan da ya taho da shi tun da ya bar aiki a asibitin mishan. Ya ɗaure mini hannu, ya matsa, ya dubi allurar, ya kira ni da laƙabin nan na Faransanci da ake yi wa ƴan boko, ya ce, "Mushe, jininka ya hau dutse ya bar ka a ƙasa." Na ce masa abin awon ne ya tsufa kamar mai shi. Ya ce, "To ci gaba da cin gishiri, ni dai ba zan ɗauki gawa mai gardama ba." Muka yi dariya ya tafi. Da fitarsa gidan ya koma yadda kika bar shi, ba motsin kowa sai kurciyoyi a kan rumbu.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyata ban iya zaunar da ke in yi miki doguwar magana ba, kunyarki nake ji. Shi ya sa na ɗauki bik. In kin ga rubutun ya karkace, hannun ne, ba hankalin ba.

Kin ce aikin da aka ɗauke ki a Yamai shi ne gyara shafukan ƴan kasuwa na intanet, domin in mutum ya rubuta abin da yake nema a waya, injin bincike ya kawo nasu a sama. Kin ce shafuka na farko-farko kawai mutane suke dubawa, wanda ya faɗa can ƙasa kamar ba a taɓa yin sa ba. Na daɗe ina juya maganar nan. In na kishingiɗa bayan azahar, tsakanin barci da farke, nakan ga abin kamar kasuwa da aka kafa a kan duwatsun Adar, rumfa bayan rumfa har inda ido ya ƙare. Ba zafi, ba hayaniya. Mutane suna tafe a hankali, kowa da tambayarsa a rufe cikin tafin hannu. A bakin kasuwar wata tsohuwa tana zaune, ta riga ta zaga kowace rumfa ta haddace abin da aka rubuta a ƙofarta. Duk wanda ya zo sai ya buɗe mata hannu, ta duba, ta nuna masa hanya da haɓa. Na san ba haka abin yake ba, kada ki yi mini dariya. Haka dai nake ganinsa.

Ban san na'ura ba, Uwata. Abin da na sani shi ne yadda mutum zai zauna a tsakiyar jama'a a kasa samunsa, don shekara hamsin na yi ina wannan aiki. Kuma kin san akwai shafi guda da ya fi mini duk na ƴan kasuwarki, wanda kika buɗe mini bara don neman ƙanena Nomau, ko ƴaƴansa in shi ba ya raye. Ina so in roƙe shi gafara da bakina kafin a fitar da ni daga zauren nan. Zan zo kan wannan. Bari in fara da teburina.

A gidanmu ni kaɗai aka kama aka kai lakwal, makarantar boko, Nomau aka bar shi a gona. Da na fito da satifika a hannu sai na ɗauka duniya ce za ta zo nemana. Aikin ofis bai samu ba da farko, sai na nemi tebur da kujera biyu na zama mai rubuta wa mutane wasiƙa a Madawa. A lokacin kusan kowane gida yana da ɗa a ƙasashen bakin teku, Abijan ko Kumasi ko Legas, kuma ba waya a aljihun kowa. Na zaɓi wuri a bayan gidan waya, ƙarƙashin wata tsamiya, don ina son inuwa, kuma ina ƙyamar a gan ni cikin ƴan dako. Na sa kafinta ya yi mini allo, na rubuta shi da hannuna cikin Faransanci, haruffa masu wutsiya, layi uku: sunana, satifikata, da cewa ana rubuta kowace irin takarda ta hukuma da ta zumunci. Kwana biyu na yi ina zana shi. Har yau ban ga allo mai kyansa ba.

Sai na zauna. Tsamiya tana zubo mini ganye a kan farar takarda, ina share shi. Wani wunin mutum biyu, wani wunin ba kowa.

A ƙofar tasha kuwa akwai wani Ada da aka kora daga aji huɗu, rubutunsa kamar kaji sun yi tono. Ba shi da tebur, katako yake ɗorawa a cinya. Allonsa kwali ne, ya zana ambulan da mota da gawayi. In mota ta tsaya sai ya miƙe ya ɗaga murya, "Mai ɗa a Abijan! Mai miji a Kumasi! Zo ki gaya masa rumbu ya yi ƙasa!" Mutane har layi suke yi.

Wata rana wata tsohuwa daga wajen Urno ta zo ta dafa sandar da ke riƙe da allona tana hutawa. Ta ce, "Ɗana, don Allah ina ne wurin mai sa magana a takarda?"

Na nuna sama da bik, na ce, "Iya, ba ga shi a rubuce bisa kanki ba?"

Ta ɗaga kai ta dube shi da kyau. Ta ce, "Kai, ya yi kyau wallahi. Ni na ɗauka kabarin wani Nasara ne." Ta zauna a kujerar baƙi tana gyara zane, ta ƙara da cewa, "Ɗan nan, da na iya karanta wannan, me zai kawo ni wurinka?"

Gaskiya ta faɗa, na kuma ji ta. Amma sai da na ƙara shekara guda ban sauke allon ba, saboda wahalar da na sha wajen zana shi.

To, duk wanda ya kawo miki shafinsa, kafin ki taɓa na'ura ki je ki zauna inda masu sayen kayansa suke, ki ji yadda suke kiran abin. Mai tabarma zai so ki rubuta masa manyan kalmomi irin na taron hukuma, don su yi masa daɗi a kunne. Matar da za ta saya kuwa, abin da za ta rubuta a wayarta shi ne tabarmar Madawa ta mutum biyu. Kalmarta za ki sa, kuma a sama, a kan shafin. Ki faɗi abin, ki faɗi garin, ki faɗi yadda za a samu mai shi. Kin taɓa ce mini shafin da aka cika da manyan hotuna ba ya buɗewa inda rezo, wato layin waya, ba shi da ƙarfi. Ki riƙa tuna mutanenmu da ke hawa tudu da waya a sama kamar masu roƙon ruwa. Kada ki sa su tsaya a rana suna jiran ado.

Kuskurena na biyu ya fi ban dariya. Da na ga Ada ya kwashe mutane, maimakon in ɗauki teburina in matsa bakin hanya, sai na kira wani maroƙi mai murya kamar kakaki. Na ba shi sabuwar hula da goro, na ce ranar kasuwa ya zaga da sunana. Ya kuwa zaga. Daga rumfar mahauta har wurin masu gishiri ana jin sa: "Mushe na gindin tsamiya! Mai harshe bakwai! Wanda in ya rubuta wa gwamna, gwamna sai ya miƙe tsaye ya karanta!" Ya yi ta maimaita sunana har ni kaina na gaji da jin sa.

Ranar teburina ya cika. Na farko a layi wani dattijo ne da wasiƙar ɗansa daga Kumasi, cikin Ingilishi. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Ya jira, ya jira, sannan ya ce, "Mushe, wannan harshe na nawa ne a cikin bakwai ɗin?"

Na ce, "Baba, wannan na takwas ne."

Layin duka ya kwashe da dariya, ya watse ya nufi tasha. Shekara da shekaru mutanen Madawa suna kirana Na-takwas. In kika tambayi goggonki za ta ce ba ta sani ba, amma ki dubi bakinta.

Abin da ya kawo mini mutane daga baya ba maroƙi ba ne. Tsohuwar nan ta Urno ce. Ranar da ta zauna na fara shirya mata gaisuwa mai hawa-hawa irin wadda aka koya mana, ta ce in bari. Ta ce, "Rubuta: akuya ta haihu, rufin ɗaki ya faɗi, idona ya fara hazo, ina son ganinka." Na rubuta haka ba ƙari. Kafin damina ɗanta ya dawo. Ta faɗa a bakin rijiya, matan rijiya suka faɗa wa mazansu, har limaminsu ya riƙa cewa a je wurin na gindin tsamiya. Su ne suka riƙe ni.

Kin ce injin binciken yana lura da waɗanda ke nuna shafi daga nasu shafukan, kuma akwai masu sayar da irin wannan nuni tuli-tuli, akwai masu cusa kalma ɗaya sau ba adadi don su yaudare shi. Za a matsa miki ki yi haka, don mai kaya yana son ya ga kansa a sama gobe da safe. Ki ƙi cikin ladabi. Ko abin ya ci na ɗan lokaci, mutumin da ya buɗe shafi bai tarar da abin da aka yi masa alkawari ba zai fita, ba kuma zai dawo ba. Ki rubuta abin da mai kaya yake da shi, daidai yadda yake. Sannan ki nemi mutanen kirki da suka san shi, ko biyu ne, su ambace shi a nasu wuraren. Yana ɗaukar lokaci. Ni damina biyu ya ɗauke ni.

Na ɗan ajiye bik a nan, barci ya fizge ni a zaune. Na sake ganin kasuwar. Wannan karon na shiga ciki, ƙafata ba ciwo. A can wata rumfa na hango mutum ya sunkuya da gilashi a ido ɗaya, agoguna rataye kewaye da shi, kowanne da lokacinsa daban, wani asuba wani la'asar. Na buɗe baki in kira shi, sai jakin Yakuba ya yi kuka na farka. Bari in faɗi kuskurena na uku tun da sauran ƙarfi. Rabinsa kin sani, rabinsa ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarki ba, Allah ya ji ƙanta.

Nomau ya tafi Abijan wata shekara da gero ya ƙi. Tun yana ƙarami hannunsa ke son ƙananan abubuwa, shi ke gyara wa Inna fitila da kwado. A can ya koyi gyaran agogo har ya kafa ɗan shago. Wani ke rubuta masa wasiƙa, ta zo akwatina na gidan waya a Madawa, ni kuma in kawo ta Tamaske in karanta wa Inna. Takan sa in maimaita mata sau biyu, sannan ta karɓi takardar ta shinshina ta, ta ce tana warin ruwa.

A wasiƙa ta shida ya ce ya yi aure. Matar ƴar can ce, ba ta jin Hausa, amma tana da kirki, yana roƙon Inna ta sa albarka. Na karanta wa Inna gaisuwa, na karanta mata labarin ruwan sama, da na zo wannan layi na tsallake. Na gaya wa kaina ina tsare ta ne daga ɓacin rai. Ƙarya ne. Haushi nake ji. Ni mai satifika ina share ganyen tsamiya, shi da bai taɓa riƙe alli ba ya yi shago ya yi mata. Ban amsa masa ba. Ya sake rubutowa sau uku yana tambaya ko Inna fushi ta yi. A ta ƙarshe ya ce, "Yaya, in shirun nan shi ne amsarta, na ji." Waɗannan ukun ko Tamaske ban kai su ba.

Ana haka na samu aikin magatakarda a Buza, daga nan aka mai da ni Keita. Ranar da na mayar da mabuɗin akwatin, mai gidan waya ya ce, "Mushe, in takarda ta zo, ina za a tura maka?" Na ce, "Wa zai rubuto mini?" Na fita. Daga baya na ji cewa wasiƙu sun ci gaba da zuwa har shekara biyu, ana mayar da su inda suka fito. Inna kuwa duk zuwan da zan yi sai ta ce, "Nomau bai rubuto ba?" In ce, "Bai rubuto ba, Inna." Ta rasu tana zaton ya manta da ita. Shi kuma, in yana raye, yana zaton ta yafe shi ne. Inna ba ta taɓa jin yana da mata ba. Da ta ji, na san ta, turmi da zane za ta aika.

Da hankali ya dawo mini na rubuta zuwa tsohon adireshinsa, takardar ta dawo. Na tambayi masu dawowa daga cirani, wasu suka ce ya bar Abijan ya shiga wani gari na ciki, wasu suka ce ba su san shi ba.

Saboda haka, Uwata, kada ki riƙa sauya wa shafi adireshi don kin ga wani suna ya fi kyau. Mutane da injin duka tsohon wurin suka sani. In sauyin ya zama dole, kin ce akwai yadda ake yi wanda ya zo tsohuwar ƙofa a wuce da shi sabuwa. Kada ki kwana ba ki yi wannan ba. Kuma duk wanda ya rubuto ta shafin, a amsa masa, ko da kalma biyu ce. Wannan har ke kanki. Yamai za ta ba ki sababbin ƙawaye da sabon ɗaki, wata rana ki ga lambar wayarki ta tsufa. Kada ki yar da ita ba ki gaya wa na baya ba.

Yanzu abin da ya sa na ɗauki bik tun farko. Kin tuna bara, da kika zauna a tabarmar nan da na'urarki a cinya, kika ce, "Baba, wane suna zan sa a sama?" Na ce ki sa Asumana, sunansa na yanka, wanda ni da kaina na cika masa a katin shaida kafin ya tafi. Sannan na yi miki shifta da Faransancin lakwal, rabin shafi a kaina da wuraren da na yi aiki, shi kuma layi biyu a ƙasa. Wata bakwai ba wanda ya buɗe shafin sai ke. Duk zuwan da za ki yi sai ki duba, ki rufe na'urar. Har kika ce mini wataƙila ba ki iya aikin ba ne, gara ki janye takardar neman aikin Yamai.

Sai ranar da Yakuba ya leƙa wayarki ta saman tabaransa ya ce, "Wane ne kuma Asumana?"

Na ce, "Ƙanena mana."

Ya ce, "Ni da muka yi kiwon awaki tare, ya karya mini haƙorin nan a kokawa, ban taɓa jin wannan suna ba. Haba Mushe! Ɗan cirani ana nemansa da sunan takarda? Sunan da uwarsa ke kiransa, da garinsu, da sana'arsa. Nomau na Tamaske mai agogo. Ko ɗan cikinsa haka zai san shi. Karatun nan naka dai asara aka yi."

Nan take kika goge jawabina, kika sa wannan a sama da Hausa da Faransanci mai sauƙi, kika ƙara sunan Inna da unguwarmu. Kika rubuta wa mai kula da shafin ƴan Adar mazauna bakin teku kika roƙe shi ya nuna namu, ya kuwa nuna. Kika yi ta yi wa Yakuba godiya, ni ina gefe ina gyaɗa kai kamar yau na fara ji.

Na sani, Uwata. Tun ranar farko na sani. Ambulan nawa na rubuta wa ƴan cirani a rayuwata? Wane mai shayi, a hannun wane mai nama, zangon Hausawa. Ban taɓa sa sunan katin shaida a bayan ambulan ba, don na san ba za ta isa ba. Na ba ki Asumana ne domin ina so in ce na nema, kuma ina tsoron a same ni. Ina tsoron ranar da wani zai tsaya a ƙofar nan ya tambaye ni ina wasiƙun ubansa. Na bar ki wata bakwai kina zargin hannunki, alhali hannunki lafiya lau yake. Ki yafe mini. Kin iya aikinki, ki shiga Yamai da wannan a ranki.

Kuma za ki haɗu da irina a cikin masu kawo miki aiki. Mutum zai ce yana so a gan shi, amma ya ɓoye garinsu, ya ƙi sa lambar da ake samunsa, ya ƙi a faɗi abin da yake sayarwa da sunan da kowa ya sani. Kada ki fara da zargin kanki. Ki dube shi ki tambaye shi a hankali ko ya shirya a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ga abin da ba ki sani ba, don kin riga kin tafi Madawa. Shekaranjiya Litinin, bayan azahar, wayar da kika bar mini ta yi ƙara. Muryar namiji ce, ba yaro ba, Hausarsa tana tafiya da ƙyar, yana cike ta da Faransanci. Ya ce, "Ina magana da gidan su Nomau mai agogo?" Na ce nan ne. Ya ce sunansa Illa. Sunan mahaifinmu ke nan, Uwata. Ya ce yakan zo Tawa sayen albasa yana kaiwa bakin teku, kuma ya daɗe in ya zauna yakan rubuta sunan ubansa da Tamaske da agogo a waya, ba ya ganin kome, sai makon jiya. Na ce, "Ni ne yayansa." Sannan ya ce, "Kai ne mai akwatin gidan waya?" Na ce ni ne. Ya ce, "Zan zo Laraba. Maganar ba ta waya ba ce."

Ban tambaye shi ko uban yana raye ba.

Tun jiya na sa aka share zaure. Matar Yakuba ta sa an yanka zakaran nan ja, tana tuƙa tuwon gero. Na sa farar rigata ta Juma'a. Na fiddo wasiƙun nan uku daga ƙasan adaka, suna nan kusa da gwiwata, takardar ta yi launin ƙasa. Na shirya abin da zan ce, gajere ne: kakarka ba ta ƙi uwarka ba, ba ta ma san da ita ba, ni ne na ɓoye. Ina rubuta miki ina kallon hanya. Kowace mota ta tsaya a bakin kasuwa sai bik ya tsaya a hannuna.

Ko ya zo ko bai zo ba, ina roƙonki abu ɗaya. In kin sauka Yamai kin huta, ki buɗe shafin. Kada ki taɓa sunan da ke sama, kada ki sauya adireshinsa ko lambar wayar. Ki ƙara layi guda a ƙarƙashin sunan, inda ba sai an gangara ƙasa ba, da Hausa da Faransancin da kowa ke ji. Ki ce: mahaifiyarsa ba ta taɓa fushi da shi ba, ta rasu tana tambayarsa, yayansa ne ya riƙe wasiƙun bai karanta mata ba, yana neman gafara. Kada ki gyara maganar don ki rufa mini asiri. In ƴan garin nan sun gani, su gani. Kuma ko bayan raina kada ki rufe shi.

Sauran kuwa kin sani. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki zauna gaban na'ura, ki ɗaga ido daga gare ta lokaci-lokaci ki dubi nesa. Ki gaida waɗanda suka girme ki a wurin aiki ko da kin fi su sani. Allah ya kai ki lafiya, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya sa albarka a hannunki da abin da zai taɓa. Allah ya sa duk inda kike mai nemanki da alheri ya same ki, mai nemanki da sharri ya wuce bai gan ki ba. Amin. Yakuba zai shiga Madawa gobe, shi zai kawo miki wannan.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki.

Na buɗe takardar in ƙara wannan kafin in liƙe. An kira magariba. Motar ƙarshe daga Tawa ta zo, ta sauke mata biyu da buhunan siminti, ta wuce. Yakuba ya kira lambar sau uku, ba ta shiga. Ya ce wataƙila lodin albasa ne bai ƙare ba, na ce wataƙila. Bai zo ba, Uwata. Na ce a rufe masa tuwon. Tabarmar kuma kada kowa ya naɗe ta.